Wutsiyar Jirgin Baraka

"Mukhtari, kai ka yanke mini jirgi."

Baraka ba ta yi sallama ba. Ta sauke guntun icen da ta ɗauko a ka, ta ajiye shi tsakiyar zauren mai gari Yari, kusa da ƙafar wanda ta kira. Wutsiyar jirgi ce ta madaci, bakin da zarto ya ci har yanzu jawur. Mukhtari ɗan ƙanenta ne, ita ta goye shi, yau kuma shi ne masinjan Baturen da ke auna iyaka tsakanin Illela da ƙasar Faransi.

Jirgin nan mijinta ya bar mata, kuma duk tabkin Kalmalo ba na biyunsa. Da shi take ƙetarawa gonarta ta shinkafa, da shi take fiton mata ranar kasuwa. Ta tafi Amarawa gaisuwar mutuwa, Baturen ya iso da injuna biyu na tuƙa jirgi bisa raƙumi, babba da ƙarami, yana son ya zaga tabkin. Ya tambayi masinjansa wanne ya dace da jiragen ƙasar. Mukhtari, wanda bai taɓa riƙe gorar tuƙi ba, ya nuna babban. Shi kuwa babban ba ya zama sai bisa katako shimfiɗaɗɗe, jirgin Baraka kuma mai tsinin wutsiya ne. Sai aka kira kafinta.

Bature ya yi yawonsa, ya kwance injinsa, ya wuce Sakkwato. Aka bar mata jirgi da katako da ƙusoshi a gindi, yana shan ruwa kamar ƙwarya fasasshiya. Shinkafa ta nuna a ƙetare, tsuntsaye sun sauka.

"Goggo, ki yi haƙuri," in ji Mukhtari, idonsa ƙasa. "Aikin gwamnati ne."

"Gwamnati ta san jirgina? Wa ag gwamnati nan garin in ba kai ba, da jar hularka? Ƙaramin injin fa, mi ya hana shi?"

Mai gari ya gyara zama. "Baraka, zauna mu yi magana a hankali."

"Ranka shi daɗe, tsaye nika jin magana. Shi amsa mini."

Mukhtari ya shiga gyaran hularsa. Kafintan, Hamidu, da ke rakuɓe bakin ƙofa, shi ya kasa haƙuri. Ya ce ƙaramin a gefe ake ɗaura shi da igiya, ba a taɓa jikin jirgi, kuma Baturen da bakinsa ya faɗi haka.

Baraka ta juya ta dubi ɗan ƙanenta.

"Ƙaramin ba shi da ƙara," Mukhtari ya ce, murya can ciki. "Na so mutanen Faransi da ke ƙetare su ji namu ya fi nasu."

Wani dattijo ya yi dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskarta.

"To, sun ji? Madalla. Sai su zo su yanke mini shinkafa." Ta taka wutsiyar da ƙafa. "Madaci irin wanga ya ƙare ƙasar ga, kun sani. Mai sassaƙa shi yana kabari. Ƙusa ba ta maida abin da zarto ya raba."

Mai gari ya ce za a aika wa Bature. Hamidu ya ce shi sa shi aka yi. Mukhtari ya ce shi tambayarsa kawai aka yi. Kowa ya miƙa wa na gaba, har maganar ta fita zauren ta kama hanyar Sakkwato, inda ba tsohuwar da za ta bi ta a ƙafa.

Baraka ta ja wutsiyar zuwa bakin ƙofa, ta gitta ta, ta zauna a kai, ta miƙe ƙafafu.

"Ba mai fita. Baturenku ya tahi, ku kuna nan. Tsuntsu na cin abincin shekarata yanzu da muke magana. Yari, kai am mai gari. Nuna mini cikin mutanen ga wanda za shi ƙetarar da ni gonata, ko bisa wuyanai ne, kuma shi amsa mini laifin jirgina gaban jama'a."