Maikano a Jikin Farin Ƙyalle

Barakatu ta tsaya nesa da motar majigi, tana kallon Malam Gwadabe yana naɗe zaren fim a inuwar tsamiyar kasuwar Kiru. Tun jiya ba ta runtsa ba.

Shekara tara ke nan Gwadabe yana yawo da majiginsa daga Bebeji har Doguwa. Tsafta aka turo shi ya koyar, amma da hannunsa yake ɗaukar hotunan, kuma ya san yadda zai sa ƙudan tsando ya cika farin ƙyalle har ya fi bijimi girma. Mutane kan watse da gudu, washegari su dawo da tabarmi. Wasu ma sun haddace duk abin da ya taɓa nunawa.

Jiya ya nuna na ciwon barci. A ciki Barakatu ta ga ɗanta Maikano, wanda aka binne bara da kaka, kwance a gadon kara. Ya buɗe ido, ya juyo da kai, ya dube ta.

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta.

"Yawwa, Iya. Ƙaraso mana."

Ba ta ƙarasa ba. Daga nan ta nuna gwangwanin fim ɗin. "Marar lafiyar nan na jiya ɗana ne, ya rasu. Kurwarsa ka rufe a ciki?"

Gwadabe ya tsayar da naɗin. "Allah ya jiƙansa. Hoto ne kawai, Iya. A ɗakin shan magani na Tudun Wada na same shi, shi ya ce in ɗauka don wasu su je neman magani da wuri."

Ya warware zaren, ya ɗaga shi a rana. Da ƙyar ta matso. Ga Maikano nan ɗan mitsitsi kamar farce, an jera shi ya fi ɗari, duk ido a rufe, sai can ƙasa idanun suka fara buɗewa. Ta ja da baya tana salati.

"In kin ce a yanke, ga almakashi, ga ashana," Gwadabe ya ce a hankali. "Tun da na fara aikin nan ban yi fim ɗin da ya kai wannan ba. Amma ɗanki ne."

Ta daɗe tana kallon ashanar. Ƙona shi ya fi komai ba ta tsoro.

"Daga nan ina za ku nuna shi?" in ji ta.

"Bebeji, in Allah ya so."

Ta gyara mayafinta.

"Akwai wurin tsohuwa ɗaya a bayan motar?"