Saitin Eriya da Taswirar Waya

Shekara ashirin Dogo yana saita eriya da ido, sai sabon shugaban aiki ya ce zamanin ido ya wuce. Ya ba shi dama ta ƙarshe: ya haɗa rediyon ofis da asibitin bayan dutse ta bin taswirar waya, in ya kasa ya ajiye aiki.

Dogo ya hau hasumiyar eriya, ya jingina wayar da ƙarfe don ya yi aiki da hannu biyu. Kibiyar taswira ta nuna hagu, idonsa kuwa ya san asibitin yana dama. Tsoro ya sa ya ƙaryata idonsa, ya bi kibiyar, ya ɗaure noti tamau. Rediyon ya yi tsit.

"Baba, gidan surukanka kake nema?" shugaban ya ɗaga murya daga ƙasa. "Ƙarfe yana rikita kibiyar waya. A ƙasa ake ɗaukar saiti."

"Wallahi na ga ba daidai ba ne, yallaɓai."

"Ka gani, kuma ka ɗaure? Sauko."

Dogo ya sauko a hankali, ya kwance igiyar hawa daga ƙugunsa ya miƙa wa shugaban, alamar ya ajiye aiki.