Kifin Shamsuddin Ya Yi Kirci

Duk wanda ya san Alhaji Maiwada a kasuwar shanu ya san ba a koya masa dabba. Tun yana saurayi ya baro Madawa a bayan motar shanu ya sauka Abijan, a cikin shanun nan kuma ya yi furfura. In ya ɗora tafin hannunsa a gadon bayan sa, kafin ya ɗauke ya gaya maka abin da ke damunsa. To wannan mutumin ne fa wani ɗan kifi, da ko cika hannu bai yi ba, ya hana shi sukuni.

Kifin ma ba nasa ba ne. Na ɗansa ne Shamsuddin, wanda ke aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, har ranar da wata babbar mota mai ɗauke da kwantena ta yi baya ta matse shi da bango. Ba a yi sadakar arba'in ba matar Maiwada, Hajiya Kande, ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Ta tashi ɓarinta na dama a shanye, baki a karkace, magana ta ɗauke. Abin da Shamsuddin ya bari a gidansu na unguwar Treichville kuwa bai taka kara ya karya ba. Takalman ƙwallo ne, da hular kwano, sai wani akwatin gilashi cike da ruwa, da ɗan inji yana ɓulɓulo masa iska, da jan kifi guda ɗaya mai doguwar wutsiya.

Da yaron na raye, Kande ce kan gaba wajen yi masa tsiya. "Kifin da ba a ci, ba a sayarwa, sai dai a yi ta ciyar da shi? Kai dai Abijan ta gama da kai." Yanzu kuwa in ba a juya kujerarta ta fuskanci akwatin nan ba, ba ta buɗe baki a sa mata cokali. 'Yarsu Adawiyya ce ta gano dabarar. Sai a barbaɗa wa kifin abincinsa, ya taso yana caɓa, sannan Kande ta karɓi kunu. In ya ci, ta ci. Likita ya ce shi ba ruwansa da dalili, su dai tabbata tana ci, don ɗan jikin da ya rage mata ba zai jure yunwa ba.

Ana nan sai wani farin tabo ya fito wa kifin a gefen baya, kamar an manna masa auduga, gewayensa ya yi ja. Ya dinga goga jikinsa da tsakuwar ƙasan akwatin. Daga nan ya daina tasowa, abinci ya yi ta yawo a kan ruwa har ya narke. Kande ta datse haƙoranta, shi ke nan.

Maiwada ya durƙusa ya ƙura wa tabon ido. "Kirci ne," in ji shi, yana nufin ciwon fatar nan mai ɓawo da ke cin bayan shanu da damina.

"Baba, kifi ne fa, ba sa ba," in ji Adawiyya.

"Fata dai ai fata ce."

Da ƙyar ta shawo kansa. Ta ɗauki hoton kifin a wayarsa, ta yi masa kwatancen matar da Shamsuddin ya saye shi a wurinta a kasuwar Adjamé. Ya hau gbaka, ƙaramar motar hayar nan da ake cusa mutane kamar buhuna, ya sauka cikin turmutsutsun kasuwa, masu turin kaya na yi masa ihu ya kauce. Dattijon da dillalai ke miƙe wa tsaye, wai yau shi ne ke tambayar 'yan talla ina ake sayar da kifin ado! Ya same ta a wani lungu bayan masu atamfa, Madam Akisi, zaune tsakanin kwalabe da kejin tsuntsaye.

Ta dubi hoton ta girgiza kai. Da Faransancin kasuwa da ɗan Julancinsa, yaren 'yan kasuwar garin, suka fahimci juna. Ta ba shi wata 'yar kwalba mai shuɗin magani, ta ce ya ɗiɗɗiga a ruwan, ya ƙara ɗan gishiri, ya riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan yana cikawa da wanda ya kwana a bokiti.

"Amma Papa, ka ji ni da kyau, kada ka taɓa shi. Santsin nan na jikinsa shi ne rigarsa. In ka goge, ka kashe shi."

"Yaushe zai koma ci?"

"Mako. Wataƙila biyu."

"Matata ba ta da mako biyu."

Ba ta gane me ya haɗa matarsa da kifi ba, bai kuma yi mata bayani ba. Ta nuna masa wasu jajayen kifaye a wata kwalba, ta ce ga irinsa nan in yana sauri. Ya dube su ya kau da kai. Na Shamsuddin yana da yaga a wutsiya da baƙin ɗigo a goshi, Kande kuwa yini take tana kallonsa. Magana ce ta rasa, idonta garau.

A ba shi gaskiyarsa, ya bi umarnin matar nan. Ya ɗiga maganin, ruwa ya koma kamar ruwan bula. Ya kwantar da ruwa a bokiti, ya auna gishiri da yatsu, ya harɗe hannuwansa a baya don kada su kai. Abin da wuya fa. A sana'arsa ba a kallon ciwo. Sa mai kirci kayar da shi ake yi, a kankare ɓawon har sai jini ya tsatso, a cusa masa haɗin kanwa da toka da baƙin mai. Maganin da bai yi zafi ba, a wurin Maiwada, ruwa ne kawai. Ga shi an ce ya zauna ya zuba ido.

Kwanaki suka tafi. Adawiyya ta rantse jan da ke gewayen tabon ya ragu. Shi dai bai gani ba, don ba kifin yake kallo ba, matarsa yake kallo. Kumatunta sun faɗa, leɓunanta sun tsattsage, zoben da ya shekara bai fita a yatsanta ba ya zame da kansa ya faɗi a tabarma. In an kawo cokali sai ta juya kai, hawaye na bin ɓangaren fuskarta mai rai. Likita ya ce in aka wuce ƙarshen mako haka, sai dai a kwantar da ita a zura mata roba ta hanci. An taɓa yi mata a farkon ciwon, ta fizge da hannun hagu har jini ya wanke mata wuya, sai da aka ɗaure hannun a ƙarfen gado. Ran nan Maiwada ya fita bayan ɗakin asibiti ya yi kuka, ya kuma yi alkawarin ba za a sake ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Adawiyya ta tafi kantin magani wajen tashar motar Gare de Bassam. Gida ya rage su biyu, sai ƙarar ɗan injin iskan nan. Maiwada na zaune kusa da kujerarta ya ji an ja hannun rigarsa. Kande ta nuna akwatin da hannun hagu. Sannan ta juya hannun a hankali ta nuna saman kabad, inda tsohon gwangwanin maganin kircinsa yake. Ta san shi sarai. Ita ce ta yi ta daka masa kanwar tun suna ɗakin haya guda.

Ta yi ta kokawa da bakinta, jijiyar wuyanta ta miƙe.

"Al… haji," ta ce. "Sa… masa."

Tun da ta faɗi ba ta kira shi ba sai yau.

"Hajiya, an ce kada a taɓa shi."

Ta yi masa wani kallo, irin wanda take yi masa da can in maƙwabta sun kawo ragon layya ba lafiya, ta ce su kwantar da hankalinsu, Alhaji na dawowa. Wa zai ce wa wannan kallon a'a? Ni dai ban ga mai iyawa ba. Maganar Madam Akisi na nan a kunnensa tiryan-tiryan, amma maganar a ka kawai take zaune. Hannuwansa kuwa sun daɗe da sanin abin da suka sani, sun kuma warkar da shanun da ba su ƙirguwa. Ya ce a ransa ɗan kaɗan zai sa, kan farce kawai.

Ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a faranti. Ya kamo kifin da ludayi, ya danne shi da yatsu biyu, ya yi bismillah. Ya sa farce ya kankare farin tabon har jan nama ya bayyana. Kifin ya yi ta buɗe baki yana rufewa, ba sauti. Santsin jikinsa duk ya koma kan tsumman. Ya lakato baƙin haɗin ya shafa, ya ƙara dannawa don ya shiga, kamar yadda ya saba, sannan ya mayar da shi ruwa.

Kai! Kifin da ya yi kwanaki a kwance sai ga shi ya zabura, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya bugi gilashi ya juyo. Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Kande. Dariya ce, da rabin baki. Ta bubbuga hannun kujera tana kallon mijinta.

Maiwada bai yi dariya ba. Ya ga irin wannan zaburar a mayanka fiye da yadda zai iya tunawa. Mai ya bazu a kan shuɗin ruwan. Kifin ya karkace, ya yi iyo a gicciye, ya sulale ƙasa ya kwanta jikin wani dutse. Marfin kuncinsa ya ɗaga, ya sake ɗagawa da ƙyar, sannan ya tsaya.

Kande ta leƙa. Ita ma ta san shanu. Ta san in an gama yi wa sa magani yakan je ya kwanta a inuwa, can anjima ya tashi ya nemi ciyawa.

"Hu… tawa," ta ce, ta gyaɗa kai. Sannan ta nuna kwanon kunu, ta buɗe baki.

A daidai nan Adawiyya ta shigo da ledar magani. Warin baƙin mai ne ya fara tarar ta. Ta ga gwangwani a buɗe, ta ga tsumma, ta matsa ta dubi ƙasan akwatin.

"Baba, me ka…"

"Hutawa yake yi," in ji Maiwada, bai yarda sun haɗa ido ba. "Ɗumamo kunun. Innarki za ta sha."

Ta dubi uwarta, baki a buɗe tana jira. Ta ɗauki kwanon ta fita. Ya ji ta kunna famfo da ƙarfi a madafa, amma duk da haka kukanta na fitowa.

Da kansa ya ba ta. Kunu na zuba a haɓarta yana gogewa da bakin rigarsa ta Juma'a. Kande na haɗiya, idonta na kan kifin, lokaci-lokaci ta waiwayo ta dube shi da alfahari. Shi kuwa ya san zafin Abijan. Gobe war haka cikin kifin zai kumbura, ya taso saman ruwa a rigingine, a gabanta. Amma bai ajiye cokalin ba.

Ta shanye tas, ta lashe leɓe. Ta kama wuyan hannunsa, wanda har yanzu baƙin mai ke maƙale a farcensa, ta matse.

"Ƙa… ra," ta ce.

Ya ɗaga murya ya ce wa Adawiyya ta ƙaro.