Gonar Alamin a Hannun Biba

Tun da Alamin ya tafi Aljeri aikin gini, yayarsa Biba ke noma gonarsa ta bakin hanyar Kanan-Bakashe. Ta ba ta taki, ta yi renon itatuwan gawo, har gonar ta fi ta kowa hatsi. Sai ga saƙonsa: aiki ya tsaya, zai dawo ya karɓi gonarsa.

Biba ta ari wayar maƙwabciyarta Umaima, ta zauna gindin rumbu, ta karya murya kamar mai zaman makoki.

"Auta, kada ka zo. Bana ruwa ya ɗauke, tsutsa ta cinye saura. Tafasa muke ci. Ka ƙara haƙuri can."

Ta tura saƙon, ta koma wurin matan da ta gayyato sussuka, suna ta lugude da tafi.

Da la'asar amsa ta zo, Alamin na dariya har da tari.

"Yaya, na ji kukanki, na kuma ji taɓare a bayanki. Har Umaima na ji tana cewa a kawo wani dami. Yunwar da ake yi wa lugude ai da ni za a yi ta. Na ma iso Agadas."

Biba ta mayar wa Umaima wayarta. Washegari ta nemi amalanke, ta kwashe takin da ta tara a gonar Alamin, ta juye shi kaf a gamanarta, ƴar gonarta ta bayan gari. Gawon ne kawai ta tsaya tana harara, don ba ya ɗaukuwa.