Shinkafar da Tsutsa Ta Ƙi

Uwaisu dillalin shinkafa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, iyalinsa kuma suna unguwar Agege. Ƙaninsa Jabiru yana can Arewa, a wata cibiyar binciken noma. Ya shafe shekaru yana haɗa tsohuwar shinkafar ƙauyensu, wadda tsutsar kara ba ta cika damu ba, da wata mai cika buhu, har ya samu irin da ya gaji halin duka biyun. Manoma suka huta da yawan feshi, suka laƙaba mata suna 'Yar Jabiru.

Da ta fara isowa Legas, sunan ya cika kasuwa. 'Yan dako na sauke ta suna kiran sunan. A masallacin unguwa, mutanen da suka san Uwaisu tun yana saurayi suka koma gabatar da shi ga baƙi a matsayin wan Jabiru. Yakan yi murmushi, amma abin na cin sa. Shi ya bar makaranta ya taho Legas, Jabirun da ya goya kuma ya zarce da karatu. Ranar da matarsa Bilkis ta ce tana son ɗansu ya gaji baffansa Jabiru, tashi ya yi ya bar tuwon.

Wata safiya wata Bayarabiya mai sayar da abinci ta zo rumfarsa neman 'Yar Jabiru. Ya rage murya, ya ce mata da Yarabanci, "Mama, abin da ƙwaro ya ƙi ci, ni dai ba zan ba 'ya'yana ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin wata ya ƙare, magana ta kai Oshodi cewa guba aka cusa wa shinkafar. Buhuna suka jibge ba mai taya su, manoman gida suka yi ta bugo waya.

Jabiru ya hawo mota ya zo da kansa, ya sauka gidan wansa. Ya rame. Ya yi masa bayani cewa ba magani a cikinta, kara ne kawai mai tauri da ta gado daga shinkafar da suka ci suka girma.

"Yaya, ni ba su san ni ba," in ji shi. "Kai suka yarda da kai. In ka ci a gabansu, magana ta mutu."

Uwaisu ya rasa hanyar ƙi. Bilkis ta dafa babbar tukunya, aka kai kasuwa. A gaban dillalai da 'yan dako ya zauna ya ci, yana jin idon Bayarabiyar nan a kansa daga bayan taro. Jama'a suka sa hannu, suka cinye tas, sannan suka yi dafifi wurin Jabiru, kowa na son ɗaukar hoto da shi. Wani ya miƙo wa Uwaisu waya ya ce ya ɗauke su.

Washegari ya raka ƙaninsa tashar Ojota. Jabiru ya riƙe hannunsa yana ta godiya, ya ce duk wanda ya ƙirƙiri wannan ƙarya ya bar shi da Allah. Uwaisu ya ce a gaida mutan gida. Bai jira motar ta tashi ba, ya tsallaka titi ya shiga danfo, motar hayar cikin gari.