Ƙarin Hanta Mai Fuska Biyu

Kai ma ka sha wucewa ta gaban ɗakin taron likitoci, ka ga masu jinya zube a baranda, ka kau da kai. To, ga abin da ake yi a ciki.

Ƙaramar likitar gwaji ce ta shigo taron rai a ɓace, da ɗan gilashi a hannu. A jikinsa akwai yankin ƙarin da aka ciro daga hantar wani direba. Gefe ɗaya ƙwayoyin hanta ne suka lalace, ɗaya gefen kuwa na hanyar matsarmama ne, sun yi zobe-zobe. Ciwon daji iri biyu a ƙari guda, maganin da za a fara masa ranar kuwa na iri ɗaya ne kawai.

Babban likita ko ɗago kai bai yi ba. "Mai tsohon ciwon hanta, me zai kama shi in ba dajin hanta ba? Kira shi da sunan da kowa ya sani, mu wuce."

"Yallaɓai, ka duba gilashin a madubin ƙara girma tukuna."

"Na duba."

"Gefe ɗaya ka duba. Ko matsar da gilashin ba ka yi ba, hankalinka na kan waya."

Babban likita ya ɗago kai.

"Ke yarinya, tun kina goye nake yanka hanta."

"Shi ya sa hannu ya saba, ido ya yi barci."

Likitan magunguna ya sa baki. "Haba ƙanwata, irin wannan gaurayen ai ba kasafai ake ganinsa ba."

"Ba kasafai ake dubawa ba dai!"

Babban likita ya nuna mata ƙofa. Ta fita, ba ta zame ko'ina ba sai gadon direban. Matarsa na yi masa fifita.

"Yaya, kada ki yarda a fara maganin nan sai an sake duba ƙarin."

Matar ta yi mata kallon sama da ƙasa. "Ke ce babba ko likitan da ya rubuta maganin? Kar ki ja a kore mu."

Nas ta iso, ta rataya ruwan maganin, ta buɗe shi. Direban ma har da yi mata godiya.

Ranar da likita ya faɗa maka sunan ciwon ɗan'uwanka, kada ka gyaɗa kai ka tashi. Tsaya ka tambaye shi ko an duba ƙarin gaba ɗaya. In ya harare ka, sake tambaya.