Ba Za Ta Tashi Daga Kujerar Likita Ba

Shekara uku mai guga tana ɗora wa dutsen guga laifin gumin da ke keto mata, har ranar hutu ma da ba ta taɓa shi ba. Al'ada ta fara yi mata wasan ɓuya, sannan ta ɗauke. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya dame ta shi ne sha'awa ta tattara nata ya nata ta bar ta ba ko sallama. Mijinta kuwa, bawan Allah, ya ɗauka ƙyamarsa take yi. Ya koma wanka sau uku a rana, ya rina gemu, daga baya ya daina miƙo hannu. Tana son mutumin nan, kuma tana kallo yana janyewa daga gare ta.

Sai ta rufe shago ranar Talata, ta bi layin asibiti tun safe. Da ta samu shiga, ta cije ta faɗi komai, har bushewar gaba da zafin da take ji wajen kwanciya.

Likitan, wanda a haife ta haife shi, bai ko ɗago kai daga waya ba. Ya yi 'yar dariya.

"Haba Mama, a shekarunki? Ai lokacin hutu ne, ki rungumi jikoki. Ki ce na gaba ya shigo."

Hutu! Wa ya ce masa ta gaji? Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta dire jakarta a kan teburinsa, ta gyara zama.

"Ɗana, ciki shida na kawo asibitin nan. Duk wata sai kun auna ni, kun latsa ni, kun rubuta. Lokacin da jikin nan ke haihuwa, babu lungun da ba ku san sunansa ba. Yanzu da ya zama nawa ni kaɗai, sai ilimin ya ƙare?"

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta ce mutane na jira.

"Su jira. Ni ma na jira."

Likitan ya kife wayar. Ya jawo takarda, ya dube ta sosai.

"Tun yaushe abin ya fara?"

Ta buɗe baki da niyyar ci gaba da faɗa, sai ta tsinci kanta tana ƙirga shekarun. A shekara ukun nan babu wanda ya taɓa tambayarta.